Randar Inna Ta Koma Tanderu

Inna maginiyar tukwane ce a Kabo, kuma randar da ta gina mini ta aure ita ce babba ta ƙarshe da ta fita daga hannunta. A lokacin, sanyin ƙashi ya fara lanƙwasa mata yatsu. Ranar da za a kawo ni Gwarzo, ba ta damu da gado ko kwalla ba, kan randar nan ta tsaya har aka naɗe ta da buhuna aka ɗaure a bayan mota. Tsayinta ya kai ƙuguna. In ka leƙa ciki za ka ga sawun yatsun Inna layi-layi, inda ta bi tana jan yumɓu zuwa sama. Ruwanta kuwa, ko a tsakiyar bazara sai ya kama maka haƙori.

Ina da 'ya'ya ƙanana aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Aka rage ma'aikata a sakatariya, sallamar ta haɗa da Malam, maigidana. Bai yi ƙorafi ba, sai ya tattara ya koma ɗan lambunsa na bayan ɗaki. Kuɓewa, yakuwa, zogale, tattasai, har hira yake musu in yana ban ruwa. Miya kam ba mu rasa ba, amma abin da za a zuba mata shi ne aiki.

A lokacin an hana shigo da alkama, burodi ya gagari talaka. Masu tsire na tasha sai daga Kano ake kawo musu gurasa, ta iso a sandare. Ni kuwa na yi zaman birni wurin gwaggona mai gurasa, na san kwaɓi, na san yadda ake manna ta a jikin tanderu. Alkamar noman rani tana samuwa a kasuwa. Tanderun ne babu, halin sayensa ma babu. Shi kuwa tanderu ba wani abu ba ne illa babbar tukunya da aka huda ta ƙasa don iska, aka rufe jikinta da ƙasa. Kullum in na zo ɗibar ruwa sai in tsaya da moɗa a hannu ina kallon randar.

Da na faɗa wa Malam, sai da ya ajiye butarsa.

"Randar Inna? Ke dai ki ce so kike a kira ni Kabo a wanke ni tas."

"Ni za a wanke, ba kai ba. Kai dai ba ni kusurwar can ta yakuwa."

Wallahi yakuwar ta fi yi masa ciwo. Da kansa ya cire ta yana ƙunƙuni, ya dasa a gindin katanga.

Tsorona a fili yake. In randar ta tsage wajen hudawa, ko wuta ta fasa ta, na rasa randa, na rasa tanderu, kuma ban san da wace fuska zan kalli Inna ba. Malam ya kawo guduma da kurfi, na ce ya mayar inda ya aro. Na kwantar da randar a kan buhun ƙaiƙayi, na jiƙa wurin da ruwa, na ɗauki tsohuwar ƙusa ina murzawa a hankali. Ƙananan huda na yi a zagaye, ɗaya kusa da ɗaya. Tafin hannuna ya yi bororo. Da zagayen ya haɗu, na ƙwanƙwasa da bayan wuƙa, sai ga tsingaron ya faɗo ciki, kewayayye kamar marfin tulu. Na ɗauke shi na adana a cikin kwalla.

Sauran aikin tare muka yi. Malam ya naɗe wando ya shiga kwaɓar jar ƙasa da ramno, ciyawar nan ta gini, yana tattakawa yana cewa shi da ya saba da tebur da kujera yau ga shi ya zama magini. Muka bar ƙasar ta kwana biyu ta yi danƙo. Muka kafa randar a kan yashi, na bi ta da gini kaɗan-kaɗan, in wannan sahu ya sha iska in ɗora wani, ina cusa toka da yashi tsakaninta da ginin don ta riƙe zafi. Da ta bushe, na fara ba ta wuta da ɗan kara, kullum ina ƙarawa. Duk sanda kara ya yi ƙas, sai in leƙa in ga ko randar ce ta tsage.

Gurasar farko a garwashi ta ƙare, don na yi gaggawa na manna tun ciki yana baƙi da hayaƙi. Na tuna gwaggo ba ta zura hannu sai jikin tanderu ya yi fari. Na jira, na goge da jiƙaƙƙen tsumma, na jiƙa hannu na manna. Ta zauna daram. Bakin randar ya lashe ni a dantse, tabon yana nan har yau, kuma ban taɓa ɓoye shi ba. Kafin wata ya ƙare masu tsiren tasha sun daina jiran motar Kano.

Labari ya isa Kabo ta bakin mata masu zuwa kasuwa. Wata safiya, ban kai ga hura wuta ba, sai ga sallamar Inna. Na durƙusa ina gaishe ta, ina tambayar mutanen gida da ƙafarta, tana amsawa a gajarce, idonta yana kan inda randar take a da. Malam ya gaishe ta ya tuna yana da wani uzuri a waje.

"Ina take?"

Na yi gaba zuwa lambu, ta biyo ni. Ta zagaya ginin. Ta naɗe mayafi ta zura hannu har kafaɗa, ta shafa ko'ina, ta ƙwanƙwasa da zobenta tana saurare, yadda take gwada tukunya in an fito da ita daga gashi.

"Ba ta tsage ba," in ji ta. "Wa ya huda?"

"Ni ce, Inna."

Na ɗauko mata tsingaron. Ta bi gefensa da babban yatsa, ta daɗe tana juya shi.

"To hura wutar mana in gani. Ko sai na roƙe ki?"

Na hura wutar, na manna gurasa, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Na ɓamɓaro ta farko na miƙa mata a faifai. Maimakon ta gutsura, sai ta kife ta. A bayan gurasar akwai layi-layi da suka fito daga jikin randar. Ni kullum ina ganinsu, ban taɓa kawo komai a raina ba. Inna ta ɗora lanƙwasassun yatsunta a kai, kowanne ya zauna a layinsa.

"Ashe har yanzu ina aiki," ta ce.

Na juya ina gyara kara don kada ta ga idona. Da za ta tafi ta sa na ɗaure mata gurasa a ƙyalle, kuma na ji labarin gida-gida ta bi a Kabo tana kife ta tana nuna wa mutane.

Tanderun nan shi ya riƙe gidanmu har shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin Inna ta daɗe da rasuwa. Ina alfahari da shi, ba na jin kunyar faɗa. Duk wanda ya ci tsire da gurasa a tashar Gwarzo a shekarun nan, da ya juya ta, da ya ga yatsun uwata.