Malam Dabo, Mai Zuwa Roƙon Ruwa da Lema

Gwangwanin madara ne ya raba Malam Dabo da limancin roƙon ruwa a ƙauyenmu na Kutama. Yanzu da ya ajiye aikin koyarwa, gara in faɗi yadda aka yi, don na ga babu wanda zai faɗa.

Ni gyaran babura nake yi a bakin hanyar Gwarzo, karatuna bai yi nisa ba. Tun ina yaron shago nake ganin wucewarsa. Da asuba ya ja salla, ya zauna a zaure ya biya wa magidanta littafin tauhidi, sannan ya hau kekensa zuwa makarantar sakandare inda yake koyar da addini. Keken nan na yi masa faci har kunya ta kama ni. In na ce ya sayi sabuwar taya sai ya ce, "Ai ita ma tana jiran fansho ne." Idan damina ta yi gardama, shi ke shige mana gaba zuwa bayan gari roƙon ruwa, kuma kullum da lema a hammatarsa. Yakan ce wanda ya je roƙo bai tafi da lema ba, bai sa rai ba.

Shekarar da abin ya faru, mun yi binne, wato mun shuka kafin ruwa ya sauka. Aka yi yayyafi, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke. Muka fita roƙo, washegari aka kwana ana ruwa. To akwai malamin kimiyya a makarantar, Malam Muhsin, ɗan Dugabau, sabon aure. Ya kafa gwangwanin madara a fili, ɗalibai na auna ruwan sama da shi. 'Yata Bilki ta tambaye shi ko gwangwanin zai nuna addu'a ce ta kawo ruwan. Ya ce a'a, ruwa kawai yake aunawa, tauhidi ba kimiyya ba ne.

Kafin magariba maganar ta gama gari. Alhaji Haladu, shugaban iyayen yara, ya tara mutane a ƙofar gidansa, ya ce sai Malam Muhsin ya bar makarantar. Abin da ya rage kawai malamin addini ya ce an yi saɓo. Aka aika aka kira Malam Dabo. Ina wurin.

Alhaji ya ce, "Malam, gaya musu. Mun roƙa, an yi ruwa, kowa ya gani da idonsa. Wace kimiyya ce ta fi wannan?"

Malam ya jingine kekensa, ya gaisa da kowa, sannan ya ce, "Alhaji, bara fa? Mun fita har muryata ta dishe, ko ɗigo ba mu gani ba. Kai ma kana sahun gaba. Bara tauhidi ya faɗi jarrabawa ke nan?"

"Subhanallahi! Wa ya ce haka?"

"Kai za ka ce, in ka sa shi a gwangwani. Kimiyya abin gwaji ce, yau ta ci, gobe a gyara ta. Tauhidi ilimi ne, yana da hujjojinsa da malamansa, na tsufa a cikinsa. Amma Ubangiji roƙonsa ake yi, ba a gwada shi. Yaron nan gaskiya ya faɗa."

Wani daga baya ya ce, "Malam ya koma ɗan boko!" Malam ya waiwaya ya ce, "Da na koma, da na sayi babur."

Wasu suka yi dariya, Alhaji bai yi ba. Malam Muhsin ya ci gaba da aikinsa, har yau yana nan, shi ya koyar da Bilki har ta shiga makarantar koyon jinya. Ni kuwa a ranar na fahimci abin da na daɗe ina yi da hannuna. In babur ya ƙi tashi, fulogi nake dubawa, in na gama in ce bismilla in buga. Ban taɓa haɗa su ba, ban kuma bar ɗaya ba.

Malam, kai ne ka san kalma ɗaya daga bakinka za ta faranta wa masu gari, ka riƙe ta. Kai ne ba ka bari a kare addini da zalunci ba. Na gode, mahaifiyar Bilki ma ta ce in miƙa godiyarta. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Malamai masu tasowa, in aka kira ku ƙofar gidan mai kuɗi don ku ba da shaida, ku tuna da mai keken nan.

Amma kada wani ya zaci a banza Malam Dabo ya sha. Rabin zaurensa ya watse. Da damina ta zagayo ruwa ya sake ɗaukewa, sai aka ɗauko wani malami daga nesa ya ja mu, ko sanar da Malam Dabo ba a yi ba. Na ɗauka zai zauna a gida. Muna wurin roƙon, da na waiwaya sai ga shi a sahun ƙarshe, tsakanin yara, ya ɗaga hannu yana cewa amin, lemarsa na hammata.