Kusurwar Malam

Shekarar da na gama makarantar koyon aikin gona, ekilisiyarmu ta Kafanchan ta tura ni wani ƙauye a bayan duwatsun Kagoro. Ɗan ma'aikacin reluwe ne ni, a bariki na girma, fartanya ma sai a makaranta na riƙe ta. Amma ina da babur, ina da takardar shaida, to wa ya isa ya gaya mini magana?

Mutanen ƙauyen ba su da irin citta nasu. Kowace damina sai su tafi Kwoi ƙwadago a gonakin wasu, tasu gonar kuwa ciyawa ta cinye. Muka yi shawara a gindin mangwaron coci: mu 'yan ekilisiya za mu kawo iri sau ɗaya tak, su ba da fili da ƙarfi, abin da aka tona a raba wa kowane gida ya zama irinsa. In wannan ya lalace, shi ke nan, babu na biyu.

Ranar gayya aka yi shuka da kiɗa da kunu, har ni na yi rawa. Ana gamawa sai ga mata sun jero da dammunan ciyawa a ka, suna shimfiɗawa a kan gonar. Raina ya ɓaci. Masara da gyaɗa aka koya mini, kuma ban taɓa ganin an binne shuka da shara ba.

Na ce, "Haba jama'a! Gara za ku gayyato mana. A kwashe!"

Shugabar zumuntar mata, wata tsohuwa mai bakin tsiya, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, shekara nawa ka yi kana shuka citta?"

"Mama, na karanta."

"To, sannu da karatu. Ni dai bayana ne ya karanta shi a Kwoi."

Aka kwashe da dariya, ni kuwa na kafe. Dattijon coci ya ce ba a kunyata baƙo, a bar wa Malam kusurwa ɗaya tsirara yadda yake so.

Sai ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe kamar da gayya. Tsoro ya kama ni sosai, don irin cittar ƙauye guda ne a ƙasa. Da ruwa ya dawo, citta ta huda ciyawa ta fito koriya shar ko'ina. Kusurwata fa? Tsiro bakwai, na ƙirga da kaina. Daga nan kowace Lahadi bayan sujada sai Mama ta kama hannuna.

"Malam, zo mu je mu gai da marayunka."

Ina ji ina gani nake bin ta, mata na biye suna guɗa.

Da kaka aka tona, aka jera kwanduna a filin coci, kowane gida ya ɗauki nasa. Wani magidanci ya rungume kwandonsa ya ce bana a gonarsa zai sunkuya. Wallahi sai da na share ido.

Na zo hawa babur sai na tarar an ɗaure mini ƙaramin kwandon iri a baya, da damin ciyawa ƙato a kansa. Mama na tsaye ta riƙe ƙugu.

"Irin naka ne. Ciyawan kuma littafi ne, ka je ka karanta."

Haka na shiga Kafanchan da shi, ban sauke ba sai a ƙofar gidanmu.