Kwaltar da Aka Ƙi Kankarewa

Da daminar bana Baba ya cika shekara arba'in da uku a ƙasa. Alhassan sunansa, amma duk Tamale Alasan Mai Kwalta ake ce masa. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma yanzu na wuce shekarun da shi ya yi a duniya. Duk shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana na kasa, domin aikinsa na ƙarshe da ya rage a garin nan, wato rufin ƙaramin masallacin unguwarmu a Zogbeli, za a fasa shi da zarar ruwa ya ɗauke.

A shekarun da aka karɓi mulki daga hannun Turawa, zazzaɓin gini ya kama Tamale. Makarantu ne, ofisoshi ne, gidajen ma'aikata ne, da yawa da shimfiɗaɗɗen rufin siminti, don mutane na ganin ƙasar da ta samu kanta ba ta ƙara kwana ƙarƙashin ciyawa. Baba ya koyi dafa kwalta wurin masu aikin hanya, sai ya hau da ita sama. A tsaga ganga, a hura itace, a dafa har ta tsinke, a ja ta da bokiti da igiya, a shafe da tsumman buhu a bakin sanda, a watsa tsakuwa. Yakan dawo gida yana wari kamar garejin mota. Mahaifiyarmu ta sha cewa ita ba miji ta aura ba, hanyar Kumasi ta aura, ga shi rabin kananzir ɗin fitilarmu a goge hannunsa yake ƙarewa.

Rufin masallacin kyauta ya yi shi, ya ce sadaka ce da zai tarar a gaba. Ya riƙe ruwa a rayuwarsa, ya riƙe bayan ransa shekaru masu yawa. Amma kwalta ba dutse ba ce, rana tana cin ta. A ƙarshe sahun baya ya fara ɗiga, ana jera robobi tsakanin tabarmi.

'Yan shekarun baya dattawan masallaci suka kira wani matashi ɗan kwangila daga Lamashegu, Yakubu, mai aikin irin farar ledar nan ta rufi mai kauri, wadda ake shimfiɗawa falle ɗaya a liƙe gefenta da iska mai zafi. Ya hau ya duba, ya sauko ya ce irin tasa ba ta kwana jiki da jiki da kwalta. Man da ke sa ledar laushi yakan tsere ya shiga kwaltar, ita ta yi ruwa, ledar ta bushe. Ko a kankare tsohon aikin tas, ko a sa wata shimfiɗa mai kama da bargo tsakaninsu, ita kuma sai an aika kudu a kawo.

Nan gizo ya yi saƙa. Afa Iddi, limaminmu, wanda ya san Baba tun yana saurayi, ya ce ba za a sa shebur a aikin mamaci ba. A ganinsa muddin kwaltar na sama ladan Alasan na gudana, ranar da aka kankare ta an yanke masa. Sauran dattawa suka gyaɗa kai. Shimfiɗar tsakani kuwa, hadari ya riga ya fara haɗowa, ba mai haƙurin jiran mota daga kudu. Yakubu ya zo har gidana neman ɗauki.

"Mma, ki faɗa masu," ya ce. "Wannan leda ba ya shiri da kwalta koraa, ko kaɗan. In na sa, zai mutu, kuma ni za su zaga."

Na je na faɗa. Aka tarbe ni da ladabi, aka yi wa mahaifina addu'a mai tsawo, aka ce ai ni ya kamata in fi kowa murna. Wai mace ce za ta koya wa masu rawani abin da ke kai lada. Na dawo gida raina a ɓace, shi kuma Yakubu, da yake yaro ba ya ja da manya, ya shimfiɗa musu yadda suke so.

Ba a yi damina da yawa ba farar ledar ta koma ruwan ƙasa, ta ƙandare, ta tsattsage kamar busasshen ƙanzo. Ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ya kwanta tsakanin leda da narkakkiyar kwalta, ba rana ba iska. Ya ratsa siminti ya tarar da rodi. Yanzu tsatsa ta kumbura su, ɓaraguzai na faɗowa kan masu sallah, injiniyan da aka kira ya ce ba gyara, sai fashi, a ɗora kwano. Garin neman gira an rasa ido.

Ina yawan tambayar kaina me Baba zai ce. Dariya zai yi, irin mai cin rai ɗin nan tasa. Mutumin da bai taɓa shafa sabuwar kwalta kan ruɓaɓɓiya ba, ko ta wa ce, sai ya kankare har ya ga siminti, shi ne aka ƙi kankare tasa don girmamawa. Rufin asirin masu sallah ne sadakarsa, ba baƙin abin da ya shafa ba. Zamani kuwa ba na jin zai tsorata shi. Da ya ga ledar, sai ya murza ta, ya shinshina, ya tambayi me take so da me ba ta so.

Ban riƙe Afa Iddi a zuciya ba. Ƙauna ce ta sa shi, kuma ya rasu bara bai ga ƙarshen abin ba. Sai dai ƙaunar ba ta tare ruwa ko ɗigo ɗaya ba.

To me ya rage? Makarantun da Baba ya rufe an rushe wasu, an yi wa wasu kwano. Waɗanda suka yi aiki da shi duk sun bi shi. Ladansa yana wurin Wanda ba ya mantuwa, da wannan kaɗai nake rarrashin kaina, domin a wurin mutane ban ga saura ba. Ran Juma'ar da ta wuce ina zaune a ƙofar gida, samari biyu suka fito daga masallaci suna kakkaɓe ƙurar siminti daga kafaɗa. Ɗaya ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce wa ɗan'uwansa ko wane mugu ne ya shafa wannan kwalta, Allah ya isa. Suka gaishe ni da ladabi suka wuce.