Tocilar Tsallaken Ruwa

Akwai wata ƙara da in na ji ta raina yake ɓaci tun kafin in san daga ina ta fito, wato ƙarar tocila ana buga ta a tafin hannu. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kai ma ka san ta, kada ka ce ba ka taɓa yi ba. An ɗauke wuta, ka laluba ka ɗauko abar da ka bari a caji tun safe, ka danna, ta yi ja-ja, ta mutu. Sai ka hau dukanta, wai ko za ta ji kunya ta tashi. A gidana nan Gwadangaji akwai kwali guda a ƙarƙashin gado cike da gawarwakinsu: mai rediyo, mai fanka, mai cajin rana, har da wata da mai shago ya rantse mini ko a ruwa ta faɗa ba abin da zai same ta. Ba ta faɗa a ruwa ba. A kan tebur ta mutu, ba wanda ya taɓa ta.

Maigidana dariya yake yi mini, yana cewa me ya yi zafi, ga tocila a jikin kowace waya. Ba ya gane cewa ni ba don ganin hanya nake neman ta ba. A gidanmu da tocila ake aika saƙo, kuma na taɓa ganin abin da ya biyo baya ranar da saƙon bai zo ba.

A wani ƙauye kusa da Argungu na tashi. Gidanmu ne na ƙarshe, daga bayan danga sai gangare, sai fadama. Da rani fadamar nan warin albasa take yi, muna ratsa ta da ƙafa. Amma in damina ta yi nisa gulbi ya cika ya malale, sai ta koma ruwa iyakar ganinka, jajir, yana tafe da ciyayi da rassa. Gonar shinkafar Baba tana can tsallake, a gindin wani tudu inda ya kafa bukka. Da shinkafa ta fara ido tsuntsayen jan-baki suke saukowa, tun kafin rana ta fito, kuma wanda bai kwana a gonarsa ba to su ya noma wa. Don haka Baba yakan haɗa garinsa, da igiyar gwangwanaye, da majaujawa, da goran da ake hawa a yi iyo, ya shiga jirgi ya haye. Ba ya dawowa sai an yanke.

Inna ba ta son ruwan nan. Ya taɓa cin ƙanenta tun tana budurwa, ba ta kuwa taɓa ba mu labarin ba, a bakin maƙwabta muka ji. Shi ya sa suka yi wani tsari tsakaninta da Baba. In ya idar da sallar magariba sai ya hau kan tudu, ya saita tocila wajen gida, ya kunna ya kashe, ya kunna ya kashe. Inna kuma ta kife turmi a gindin danga ta hau, ta leƙa. In ta ga hasken sai ta ɗaga fitilar ƙwai sama ta sauke. Shi ke nan, an gaisa. Kafin hasken nan ya zo ba a buɗe kwanon tuwo a gidanmu, ko da yunwa za ta kashe mu.

Ni ce mai riƙe turmin. Ni ce kuma 'yar fari, ka san yadda abin yake a wajenmu. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta hira da ni. In tana son in yi wani abu sai ta faɗa wa iska, ta ce a riƙe turmin nan da kyau, ko ta ce wa ƙanena ya gaya wa waccan ta kawo ruwa. Amma in za ta sauko daga kan turmi, kaina take dafawa. A yini guda wannan ne kaɗai lokacin da hannunta yake taɓa ni, har yau ina jin ɗuminsa da ƙamshin daddawa.

Tocilar Baba ta ƙarfe ce, fara, doguwa, mai batir uku. Ta lotsa a gefe inda saniya ta taka ta, gilashinta ya tsage an ɗaure da zare. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Amma Baba ya san halinta, ita ma ta san nasa. Da safe yakan zare batiran ya shanya su a rana. Yakan goge bakin ƙarfen da toka in ya ga ya fara kore. Da wayar gindinta ta saki, tsohon kwabo ya cusa ya tokare batiran. Akwai ƙwai na ajiya naɗe cikin auduga a murfin. Abin da na fi tunawa da ita shi ne ba ta mutuwar fuju'a. In ƙarfinta ya fara ƙarewa haskenta yakan yi rawaya a hankali, kwana da kwanaki, har Inna ta lura daga kan turmi ta ce a saya batir ranar kasuwa a ba masu jirgi su kai.

Sai shekarar da Kawu ya zo. Yayan Inna ne, yana kasuwanci a Birnin Kebbi, mutum mai hannu sake, Allah ya jiƙansa. Ya iso ana gobe Baba zai haye, ya fito da tsaraba: tocila ja ta roba, mai igiyar ratayawa, mai maɓallai har da na jiniya. Ya danna ta yi kuwwa, kaji suka watse, mu yara muka kusa haukacewa don murna. Ya haska ta a bango, farin haskenta ya sa ta Baba ta zama abin tausayi. Ya ce wannan tsohon ƙarfe a bar wa mata a gida su ma su samu na dubawa, maigida ya tafi da sabuwa.

Na ga Baba ya juya ta a hannu, ya matsa robar da yatsa, ya nemi inda ake buɗewa a goge bai samu ba. Na ga ya kalli Inna, Inna ta kalli ƙasa. To me zai ce? Yayan matarka ya ɗauko abu tun daga birni ya ba ka a gaban iyalinka, ka ce kana shakka? Godiya ya yi, ya sa albarka. Washegari kuma Kawu ya ce sai ya raka shi har bakin jirgi, don haka ko damar ɓoye tsohuwar a cikin buhun gari bai samu ba. Ya tafi da ja rataye a wuya, ta ƙarfe tana ƙarƙashin gadon Inna.

Kwanakin farko abin gwanin sha'awa. Hasken yakan zo fari fat, har maƙwabta suna fitowa kallo. Sai wata rana aka wuni ana ruwa, gulbi ya ƙaru, muna jin kukansa daga tsakar gida. Aka yi magariba, Inna ta hau turmi. Shiru. Duhu ya sauka, sauro ya taso mana. Ta ɗaga fitila ta sauke, ta ɗaga ta sauke. Ta aiki ƙanena ya ɗauko ta ƙarfen, ta saita ta tsallake tana kunnawa tana kashewa. Babu amsa. Tuwo ya huce a kwano, ƙanena ya yi kuka har ya gaji. Ta tura a roƙi masu jirgi, suka ce ruwan yau ba mai shigarsa, sai dai a yi addu'a.

A can kuwa ga abin da ya faru. Laima ta shiga tocilar Kawu, ta mutu murus, ba rawaya ba gargaɗi. Baba ya buga ta, ya girgiza, ya nemi buɗe ta da wuƙa. Ashanarsa ta jiƙe, karan bukka ya jiƙe, babu abin da zai kama wuta. Yana tsaye a kan tudu yana hangen hasken Inna yana kiransa, ya san abin da take tunawa, ba shi da abin amsawa. Sai ya tuɓe riga, ya rungumi gora, ya faɗa ruwa.

Duba mini wannan abu don Allah. Mutum lafiyarsa ƙalau, yana kan tudu busasshe, ya shiga ruwan da masu jirgi suka ƙi, ya kusa mutuwa, don kawai ya zo ya ce bai mutu ba. Ruwa ya ja shi ya wuce ƙauyenmu, sai a gaɓar ƙauyen gaba ya samu reshe ya kama. Bayan isha'i ya shigo gida, ba riga, ƙafarsa tana jini, jikinsa yana kaɗawa. Inna tana kan turmi har lokacin. Da ta ji sallamarsa ba ta yi ihu ba. Ta sauko, ta dafa kaina da ƙarfi har wuyana ya yi zafi, ta ce a hura wuta.

Ruwa bai bari an haye ba sai bayan kwanaki, shi ma Baba zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ya koma, jan-baki sun gama aikinsu, sai kara a tsaye. Noman shekara guda ya tafi. Tarin da ya kwaso a daren nan kuma bai rabu da shi ba, duk sanyin damina sai ya dawo, har ƙarshen rayuwarsa.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba shinkafar ba ce. Da Kawu ya ji an yi asara, ya zo jaje da buhun gero, bai san dalili ba, an ce masa ruwa ne. Suna zaune a zaure na kawo musu fura, ya tambayi Baba yaya tocila. Baba ya gyara zama, ya yi tari, ya ce:

"Tana nan lahiya lau. Allah shi saka da alheri."

Na kusa sakin kwanon. Tana nan lafiya! Abar da ke can cikin laka a gindin tudu. Har Kawu ya koma ga Mahaliccinsa ba wanda ya gaya masa, kuma bai fasa saya wa 'yan uwa irinta ba, yana yabonta. Mu haka muke. A cuce mu, mu yi godiya, shi ya sa masu kawo mana tarkacen nan ba su da dalilin gyarawa. Baba dai ya koma wa ta ƙarfensa, ita ta yi masa hidima har ya daina noma.

Yanzu Baba ya rasu, Inna ta tsufa. Ta ƙi zama gidana, ta ce ba ta kwana gidan suruki, don haka tana gidan ƙanena, tsallaken wani fili da ruwa ke kwantawa duk damina. Daga tagar kicin ɗina ina hangen tagarta. Na saya mata waya, ta ce a mayar, ita ba ta kiran 'yar fari a waya kamar wata ƙawarta. Amma tun daren farko da ta tare, bayan magariba ina wanke-wanke, na ga haske a tagar nan, ana kunnawa ana kashewa. Na tsaya da soso a hannu na yi kuka mai isata. Na ɗaga fitila na sauke. Tun ranar haka muke yi, ita ce hirar da ni da uwata muka taɓa samu.

Ta ƙarfen tana cikin akwatinta, jikinta garau, ƙwanta ne ya ƙone. Na zaga kasuwa ina neman irinsa, yaran shago suna kallona kamar na tambayi kuɗin wuri. Dole nake saya mata na zamani, ɗaya bayan ɗaya, duk wadda aka ce mini ita ce mai ƙarko.

Makon jiya aka yi ruwa tun la'asar. Aka yi magariba, na tsaya a taga. Shiru. Na ce bari in ba ta lokaci, wataƙila tana lazimi. Duhu ya rufe, ba haske. Na kira ƙanena, yana hanya, wayar matarsa a kashe. Ban san lokacin da na fita ba. Na ratsa filin nan ruwa har gwiwa, takalmina ɗaya ya tafi, ina tafe ina salati. Tun daga ƙofar gida na jiyo ƙarar, ƙwas, ƙwas.

A bakin zaure na same ta. Ta yafa mayafi, ta ɗaure zani sama, takalmanta a hamata, sandarta a jingine, tana yi wa tocilar bugun ƙarshe kafin ta shiga ruwa. Tsohuwar da sai an kama ta take hawa dakali. Matar ƙanena tana bayanta tana roƙonta ta dawo. Na karɓi tocilar, ni na saya da hannuna ko wata ba ta rufa ba, na danna, babu komai. Na ce Inna, ai sai ki gaya mini ta lalace in canza. Ba ta kalle ni ba. Ta juya wajen matar ƙanena ta ce:

"Ki ce mata tocila lahiya lau take. Ni ce ban iya kunna ta ba."

Na kama hannunta na mayar da ita ɗaki, a bakin ƙofa ta dafa kaina ta haura. Washegari na koma kasuwa na sayo biyu, na kai mata, na ce in ɗaya ta ƙi a gwada ɗayar. Mai shagon ya rantse mini a kansu, kamar yadda ya rantse a kan na baya. Kullum in an yi magariba ina tsaye a taga da takalmina a ƙafa, damina kuwa ko rabi ba ta yi ba.