Tururuwar Da Aka Jefa A Nonona

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, wata Talata, a ɗakina a Gude. Mu biyar ne a ciki: ni da na haihu da hantsi, da jaririyar a kwance a kan zani, da ungozoma, da uwar mijina, da Innata da ta iso daga Lakwaya a bayan babur. Shekaruna ashirin da biyu a lokacin, karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, kuma har ranar ban taɓa musa wa babba magana ba. Haihuwata ta biyu ke nan, amma ba ni da ɗa a raye. Bari in fara da dalilin haka, don a gane abin da na yi a ɗakin nan.

Haihuwar fari a gidanmu na yi ta, kamar yadda aka saba. Namiji ne, lafiyayye, ana jin kukansa har zaure. Kafin a ba ni shi aka ce sai an gwada nono. Ga yadda ake yi, don wanda bai sani ba: a tatsi ruwan farko, mai kaurin nan da ake kira dakashi, a cikin ludayi, sannan a kamo tururuwa a jefa. In ta fito, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, mugun nono ne, zai kashe yaro. Tawa ta yi ta mutsu-mutsu, ta tsaya. Inna ta ce kada in damu, da magani. Aka shiga ba ni jiƙon saiwa, ana wanke mini ƙirji da sassaƙe, ana tatsewa ana zubarwa a bayan ɗaki. Shi kuwa ana ɗura masa madarar shanu da aka sirka da ruwan randa. Ina jin kukansa, rigata tana jiƙewa, ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, ban ce uffan ba, don ɗan fari ne, ana jin kunyarsa. Gudawa ta kama shi, maɗigarsa ta faɗa. Ranar da aka ce nonon ya gyaru aka miƙo mini shi, ba shi da ƙarfin ja. Ya rasu ana gobe suna, ragon yana ɗaure a tsakar gida.

Sai aka ce ai ga shi nan, yana taɓa nonon ya tafi. Maganar ta riga ni komawa Gude. A gidan biki na ɗauki ɗan wata maƙwabciya, ta karɓe shi da sauri tana dariya, wai kada ya lalubo abin da ya fi ƙarfinsa. Ni ma na yi dariyar, don ni kaina na yarda.

Da na samu ciki na biyu na fara zuwa awo a Kabo. Wata rana malamar asibiti ta ce wa mata dakashin nan shi ne kariyar farko ga jariri, a sa shi a nono da an haife shi, kada a ba shi ko ruwa. Na jira kowa ya watse, na gaya mata labarin tururuwa. Ba ta yi mini dariya ba. Ta tambaye ni me aka ba yaron, da wane ruwa aka sirka. Na faɗa mata. Ta ce Allah ne ya san kwanansa, amma wannan in ya zo, in ba shi nonona.

Yanzu mu koma ɗakin. Tun hantsi uwar mijina ta ce a jira Innata ta iso a yi gwaji a gabanta, kuma na jira, ba zan ɓoye ba. Gidan mijina gidan shanu ne, madara tana kan murhu tun kafin a gwada. Ungozoma ta tatsa, ta buɗe gwangwanin da ta kamo tururuwa a ciki, ta jefa guda. Ta mutu. Uwar mijina ta ce ai dama an sani, a sauko da madara.

A gefen ungozoma akwai kwalbar zuma da ta zo da ita don lasa wa jaririya. Na ce ungozoma ta ara mini ludayin. Na goge shi, na zuba zuma, na ɗauki wata tururuwar na jefa. Ta maƙale, ta yi mutsu-mutsu, ta tsaya, daidai yadda tawa ta yi. Na miƙa mata ludayin, na tambaye ta ko zumar ma muguwa ce. Ta ce in kiyayi bakina, yarinya, zuma Alƙur'ani ya ambace ta. Na ce na sani, kuma ya ambaci shayarwar uwa, ban ji inda ya ambaci tururuwa ba. Daga nan na ɗauki 'yata na sa ta a nono a gaban surukata, ban juya baya ba, ban lulluɓa ba. Ta kama, ta ja.

Inna ta riƙe mini hannu tana cewa in rufa mata asiri, kada a ce ba ta yi mini tarbiyya ba. Uwar mijina ta ce in yarinyar nan ta mutu, in san inda zan nufa, ba dai gidan ɗanta ba. Na ce na ji. Aka kira mijina, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in bi maganar manya. Na ce masa na bi ta sau ɗaya, kuma shi da hannunsa ya ɗauki sakamakon zuwa maƙabarta. Ya juya ya fita. Bai goyi bayana da baki ba, amma washegari ya aiko mini da gasasshiyar hanta.

Ba zan yi ƙarya in ce ban ji tsoro ba. In barcinta ya yi nisa sai in kai yatsa hancinta. Ko wankan jego zan yi, sai na kwantar da ita inda idona yake kanta, don kada a ɗura mata wani abu. Ranar suna mata suka cika ɗakin, ba barka ce ta kawo rabinsu ba, kallon wadda ta sha mugun nono suka zo yi. Aka sa mini suna Mai Tururuwa. Da bazara ta yi aka ce zan kashe ta da ƙishi, na ce ni zan sha ruwan, ita ta same shi a jikina. Ko mura ta yi, sai a dube ni. Haka muka yi wata shida, nono zalla, sannan na fara ba ta kunu.

Yau tana aji uku, ita ke kora maruƙa da yamma. Surukata har gobe cewa take ita ce ta faki idona ta zuba mini magani a kunun kanwa, shi ya gyara nonon. Na bar ta da wannan. Inna ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, amma da ƙanwata ta haihu aka nemi ludayin gwaji, sai ta ce ya ɓata.

Ban nemi gafarar kowa a kan abin da na yi ranar Talatar nan ba, kuma ba zan nema ba. Matan nan ba mugunta suka nufa ba, abin da suka tarar suka yi. Abin da yake ci na shi ne shirun da na yi a karon farko, da na ɗauka shi ne ladabi.

Roƙona gare ki, ke mai karanta wannan, uwa ce ke ko gwaggo ko maƙwabciya: mai jego ita kaɗai ce a ɗakin nan, jikinta ba ƙarfi, bakinta a ɗaure da kunya. In kina wurin aka kawo ludayi da tururuwa, kada ki jira ta yi magana. Ki ɗauki jaririn ki miƙa mata. Kuma ki sa ɗana a addu'a, ko da ba ni da sunan da zan ba ki.