Yarinyar da Babu Zare a Jikinta

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni tsohon malamin lissafi ne da ya ajiye alli ya koyi rubuta manhaja, ina fama da irin girman kan da ke kama mutum idan ya iya abin da babu mai iya duba masa a duk garinsu. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke ni aiki, ba zan kama sunanta ba don laifin ba nata ba ne. Aikinmu shi ne haɗa mutanen da ƴan bindiga suka tarwatsa daga ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da danginsu.

Rumbun bayanan da muke amfani da shi ba irin na layi-layi ba ne. Kowane mutum ƙulli ne, kowace dangantaka kuma zare ce da ke tashi daga wannan ƙulli zuwa wancan: wance ta haifi wane, wane ya auri wance. Idan ka kama ƙulli ɗaya ka ja, sai dangi su biyo. Ni nake rubuta umarni da yaren Python, wata ƴar manhaja da ake kira direba ta kai shi rumbun ta dawo mini da amsa. Direban nan ba ya gardama, ba ya cewa oga ka tabbata. Abin da ka ba shi, shi zai kai. Da yake suna irin ɗaya ya yi yawa a ƙauyukanmu, sai na kafa doka: ba za a ɗaura zare tsakanin uwa da ɗa ba sai uwar ce ta ambaci ɗan da bakinta. Na ji daɗin dokar nan ƙwarai, na ga ta yi kama da lissafi.

Wata rana na lura da tarin ƙulle-ƙullen da babu zare ko ɗaya a jikinsu. Na yanke hukuncin cewa maimaici ne, masu rajista sun shigar da mutum sau biyu. Ban gwada a kan kwafi ba, ban tambayi kowa ba. Na rubuta umarni a goge su, na tura, direba ya dawo mini da adadin da ya share, ni kuwa na miƙe ƙafa na aika a sayo mini shayi.

Farkon damina wasu mata biyu suka zo daga wajen Mairuwa. Ɗaya ce ke magana, ta ce ita ƙanwar mijin ɗayar ce, suna neman yarinya ƴar kimanin shekara tara wadda kakarta ke riƙo, ta ɓace ranar da ƙauyensu ya watse, kakar kuma ta rasu a hanya. Ɗayar, uwar yarinyar, tana zaune, kanta a ƙasa, ko sunan yarinyar ba ta furta ba. Na nema, ban samu komai ba. Na gaya musu ba a yi wa mai wannan suna rajista a ƙananan hukumomin nan uku ba. Ƙanwar mijin ta roƙe ni in ƙara dubawa, ta ce Malam ko injin ma ai yana gajiya. Na ce mata injin ba ya mantuwa. Suka tafi, daga baya na ji har gaisuwar mutuwar yarinyar an karɓa.

Sai bayan girbi wani ɗan garinsu ya ga yarinyar a kasuwar Ƙanƙara tana riƙe wa wata mata ƙwarya. Mutanen ƙauyen Pauwa ne suka ɗauke ta daga makarantar da aka sauke ƴan gudun hijira. Na buɗe tsohon ajiyayyen kwafi, ga ƙullinta nan, har da bayanin gidan da aka kai ta. Ga na uwar kuma, da zare uku zuwa ƴaƴa uku. Yarinyar ƴar fari ce. An tambayi uwar ƴaƴanta a gaban dangin miji, ta lissafa na baya, ta tsallake ta farko saboda alkunya, kamar yadda uwarta ta yi, da uwar uwarta. Ƙulle-ƙullen da na share kuwa, da na bi su, da yawansu ƴaƴan fari ne.

Da a nan na tsaya, da kuskure ne kawai. Amma ranar da aka tara su a ofis, shugabanmu ya tambaye ni yadda aka yi, a gaban uwar, da mutanen Pauwa, da yarinyar. Na ce uwar ce ba ta sa ta cikin ƴaƴanta ba. Ban yi ƙarya ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan gaskiyar muni ba. Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi uwarta. Uwar ba ta kare kanta ba, kunyar da ta hana ta faɗin sunan ita ce ta hana ta bayani. Da aka ce yarinyar ta tashi su tafi, sai ta koma bayan matar Pauwa da ke riƙonta ta riƙe zanenta, ta ce ita a nan aka san da ita. Dattawa suka ce a bar ta ta huce. Labarin ƙarshe da na samu, ba ta huce ba.

Na mayar da ƙulle-ƙullen a ɓoye, na gyara dokar yadda maganar kaka ko gwaggo ko ɗan da kansa za ta isa a ɗaura zare. Na yarinyar ma na ɗaura shi, yana nan daram a rumbun, inda ba shi da amfani.

Ƴan uwana masu wannan sana'a, idan kun ga ƙulli babu zare, kada ku ce ba shi da kowa, ku tambayi wanda ya yi shiru. Kada ku goge abin da ba ku gwada a kwafi ba, kuma idan kun yi ɓarna ku ɗauki kayanku, kada ku ɗora wa wanda ba zai iya buɗe baki ba. Ba ni da uzurin rashin sani, domin ni ma ɗan fari ne. Shekarata arba'in da ɗoriya, ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, kuma ban taɓa shakkar wanda take fara ɗibar wa tuwo ba.