Daren da iska ta kwanta a fadamar Baba

Shekarun baya, kafin babban farin nan, ina amarya a Nguru, na zo Gashuwa ganin gida. Ni da ko kasuwa sai an ja ni, wannan zuwan dai Allah ne ya kawo ni.

Shekarar jan baki ya addabi shinkafa. Tsuntsayen nan in sun taso sai ka ce hadari. Mahaifina ya tare a bukkarsa a kwarin fadama yana kora, har muryarsa ta dushe. Sai aka yi shela jirgi zai zo ya yi musu feshin guba a makwancinsu da magariba, lokacin da iska ke kwanciya, don maganin ya tsaya a kansu. Aka ce na kusa su tashi.

Na kai masa tuwo, na ce, "Baba, mu tafi gida."

Ya ɗebi ƙaiƙayi ya saki, ya zubo a kan ƙafarsa. Ya ce, "Uwata, kin gani? Ko ganye ba ya motsi. Wa zai ɗauko maganin ya kawo mini, ke? Tafi, sarkin tsoro, kada sauro ya ramar da ke."

Na yi dariya na tafi.

Da asuba yayana ya same shi a ƙofar bukka, yawu na zuba, idanu sun ƙanƙance, kajinsa duk sun mutu. Makwancin tsuntsayen na kan ɗan tudu, shi yana kwari. Da ya iya magana ya ce ya ji warin ya shigo ta ƙasan asabari, da sanyi, a hankali kamar ruwa. Waɗanda suka kwana a kan tudu, kusa da wurin ma fiye da shi, ko tari ba su yi ba.

Ƙirjinsa bai sake daidaita ba.

Yanzu jikata aikinta ke nan, wai lissafin iskar dare a kwamfuta. Ta ce, "Kaka, iskar dare ba tsayawa take ba. In ƙasa ta huce, sai iskar ta yi nauyi ta rarrafa zuwa kwari da duk abin da ta ɗauko. Har yau tana ba na'urorinmu wahala."

Na ce to, balle ƙaiƙayi.

Shinkafa kuwa ta yi kyau shekarar, ba a taɓa ganin irinta ba. Da ita muka yi sadakar bakwai ɗinsa. Har yau in magariba ta yi shiru, hayaƙin murhu ya ƙi tashi, sai in kasa zama a tsakar gida.